Kiɗan Rumbu

Idan jikokina suka kunna abin da suke kira kiɗa a waya, ba na tanka musu. Na gaji da gardamar kiɗa tun kafin a haifi iyayensu. Na yi tawa har maƙogwaro ya bushe, kuma a kan mutum biyu kacal na yi ta, 'yan Babura, waɗanda yau ko dattijan garin ka tambaya sai sun yi dogon tunani kafin su tuna da su.

A lokacin ina ɗinki a Kazaure, a wani ɗan shago kusa da tasha. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa ne, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ruga ya sayo rakoda mai cin kaset, har wanda ba shi da katifa. Ni ma ban tsaya a baya ba. Na sayi tawa na rataye ta a ƙusa saman keken ɗinki, shagona ya koma majalisar marasa aikin yi.

Wani abokina direba, mai jigila da ƙaramar bas tsakanin Babura da Kazaure, shi ya fara kawo mini kaset ɗinsu. Ya ajiye a kan teburin yanka ya ce, "Tela, sa wannan, sannan ka ɗauke ƙafarka daga keken nan."

Babu waƙa a ciki, babu kirari, ba a ambaci sunan kowa ba. Wata siririyar murya ce ta inji take fara tasowa, sai wani bugu ya biyo ta a hankali, sai wata muryar ta hau kan ta farko, wata ta sake hawa, duka suna amsa kuwwa kamar daga cikin rijiya. Wani lokaci kiɗan ya ja jiki ya yi nauyi har ka ce zai tsaya, sai kuma ya miƙe. Ƙarƙashinsa akwai wani shuu da ba ya yankewa. Na saurara har ƙarshe, na juya kaset, na sake juyawa. Ranar ban gama rigar kowa ba.

Su biyu ne, in ji direba. Ɗaya dogon saurayi ne marar magana, mai wani ɗan fiyano mai aiki da batir da ya sayo da sefa, kuɗin Nijar, a ƙetaren iyaka. Ɗayan ya girme mu duka, gajere, mai gyaran rediyo a gindin bishiya a kasuwar Babura, shi ke ɗaukar kiɗan a kaset. Muka riƙa ce musu mai fiyano da mai rakoda.

Daga nan gardama ta kafu a shagona. Direba ya rantse kiɗan arewa ne, irin wanda yake kamawa a tashar Nijar idan ya kusa iyaka, gurmi ne kawai aka mayar cikin inji. Akwai wani malamin firamare da ke zuwa kullum bayan an tashi makaranta, mutumin kirki amma ba ya yarda a fi shi sani. Shi cewa ya yi daga finafinan Indiya suka kwaso, da fayafayan Turawa, kuma wai ja da nauyin nan da muke ji dabara ce ta waɗanda suka yi karatun kiɗa.

"Malam, wane karatu?" in ji direba. "Dogon nan ko aji uku bai gama ba, uwarsa Bafillatana ce, a bayan shanu ya girma."

"To ka gani! Sarewa ke nan. Ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu."

Ba abin da yake faɗa ke nan ba, amma haka malam yake, duk inda ruwa ya gangara can ne gonarsa. Ni dai ban san daga ina kiɗan ya fito ba. Na san idan na sa shi da la'asar, bayan baya ya ƙage da zama, sai in ji kamar wani ya san irin gajiyar da nake ciki. Ina son kiɗan nan ƙwarai, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Abu ɗaya ya ɗaure mana kai. Sabon kaset ba ya fitowa sai daga bazara zuwa tsakiyar damina. Da an yi kaka, shiru. Malam ya ce sai zafi ya taso ilhama take sauko musu. Da muka gaji da ilhamar malam, wata ranar kasuwa na rufe shago na bi direba zuwa Babura.

Mai rakoda ya kai mu gidansu, ya wuce da mu bayan ɗakuna, inda wani babban rumbun ƙasa yake tsaye. Ya jingina tsani ya ce in hau in leƙa. Babu ko zangarniya ɗaya a ciki. A ƙasan rumbun sifika ce a zaune kan tubali, daga sama kuma abin magana yana lilo a jikin igiya.

"Ka ga ilhamar," ya ce yana dariya. "In akwai hatsi, rumbu ba ya amsawa. Mu sai abinci ya ƙare muke samun ɗakin aiki."

Ya nuna mana yadda suke yi. Mai fiyano zai zauna a inuwar rumbu ya buga murya ɗaya, ta fita ta sifika a ciki, a ɗauka a rakoda ta farko. Sai a kunna abin da aka ɗauka a sake tura shi cikin rumbu, dogon ya ɗora wata muryar a kai, a ɗauka a rakoda ta biyu. Haka za a yi ta juyawa daga wannan zuwa waccan har mai rakoda ya ce ya isa. Kowane juyi muryoyin farko suna ƙara nisa, shuu ɗin nan yana ƙara kauri. Ya cire murfin rakoda ɗaya, idan ya ga dama sai ya ɗora babban yatsa a kan abin da ke juya kaset, kiɗan ya ja jiki. Yana yi idonsa a rufe. Dogon kuwa ba ya kallon fiyano, fuskar gajeren yake kallo, da ita yake sanin inda zai bi.

Direba bai haƙura ba, ya juya wajen mai rakoda. "Yaya, tsakaninka da Allah, ba gurmi ba ne?"

"Akwai gurmi. Akwai sarewar kawun dogon nan. Akwai injin niƙan bayan gidan nan. Ni duk abin da ya shiga kunnena ba na tambayarsa garinsu."

A ranar ne kuma ya faɗa mana abin da ya hana ni jin daɗin hanyar komawa. Ƙaninsa yana aiki da wani kamfanin gine-gine a kudu, ya aiko masa cewa ana neman masu sanin wayar lantarki. Gida ya cika da yara, gyaran rediyo ba ya riƙe su, rumbu kuma ga shi mun gani da idonmu. Ya ce ba ya son tafiya. Idan kiɗan nan zai iya kawo wani abu, ko kaɗan ne, zai zauna. Idan ba haka ba, bayan kaka zai tafi.

Muka dawo Kazaure da magana ɗaya a baki, kada mutumin nan ya tafi. Karo na farko ke nan da malam da direba suka yarda a kan abu guda: a kai kiɗan gidan rediyo a Kano. Idan aka sa shi, za a san su, za a riƙa gayyatarsu, shi ke nan. Malam yana da wani abokin karatu a can, ya sama mana hanya.

Jami'in da ya karɓe mu ya saurari kaset ɗin da natsuwa, har yana kaɗa kai. Ya ce kiɗan yana da daɗi, amma ba za a iya watsa shi haka ba, shuu ya yi yawa, ga wurare da kaset yake ja. Su zo a ɗauka a ɗakinsu, da kayan aiki na sosai. Muka ce, "Ranka ya daɗe, mun gode." Muka fito muna murna kamar an ba mu kujerar Makka.

Ranar ɗauka na raka su. Mai rakoda ya sa sabuwar riga, ya zo da rakodojinsa biyu a cikin buhu, har da igiyar. A bakin ƙofa aka ce ya ajiye buhun, ba a bukata. Ɗakin sanyi ƙalau, bango duk an lulluɓe shi, ko tafi ka yi ba ya dawowa. Aka zaunar da dogon shi kaɗai a tsakiya, aka sa masa abin ji a kunne, aka jona fiyanonsa kai tsaye da waya. Mai ɗaukar sauti yana bayan gilashi da na'ura mai maɓallai da yawa. Mutumin ya san aikinsa, bai wulaƙanta kowa ba, har shayi ya sa aka kawo mana.

Ni da mai rakoda aka ba mu benci a gefe, a bayan gilashin. Dogon ya fara bugawa, ya ɗago kai yana neman fuskar da ya saba kallo, gilashi ya mayar masa da tasa. Ya yi kuskure, aka tsaya, aka sake. Daga baya ya saba, ya sunkuyar da kai ya yi ta bugawa. Na dubi mai rakoda, na ga babban yatsansa yana danna gwiwarsa, yana saki, yana dannawa. Har aka gama ba wanda ya tambaye shi komai, don babu abin tambaya.

An sa kiɗan wata ranar Asabar da yamma. Shagona ya cika har waje. Mai gabatarwa ya ce ga wani matashi daga Babura da fiyanonsa. Kiɗan ya fito tas, kowace murya a wurinta, babu shuu, babu ja, babu kuwwa. Malam ya yi tafi ya ce yanzu ne aka yi abu irin na duniya. Direba ya tashi ya fita wai zai duba taya. Ni na zauna ina jin kiɗa mai kyau wanda bai san ni ba. Raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan ba laifi.

Abin da muka nema ya samu. Aka fara aiko da gayyata, biki a Roni, taron ma'aikata a Kazaure, suna a Gwiwa. Amma masu gayyata yaron da suka ji a rediyo suke so. Dogon, Allah ya saka masa, ya kafe cewa ba ya zuwa ko'ina sai da mai rakoda, kuma duk abin da aka samu a raba daidai. Suka je tare sau da yawa. Sai dai a filin biki babu rumbu, babu abin ɗauka. Aikin mai rakoda ya koma ɗaukar batir da jona waya, sannan ya tsaya a baya har a tashi. Na taɓa jin wani mai biki yana ce masa, "Kai, ɗan dako, matso da wannan." Ya matso da shi.

Da kaka ta kusa, sai ga shi a shagona da yadin kaki a hammata. Ya ce in ɗinka masa wando biyu da riga irin ta 'yan kamfani.

"Yaya, ai yanzu ana samu," na ce. "Ba ka ce in ana samu za ka zauna ba?"

"Ana samu, shi yake samu. Yaron yana da kirki, amma ba zan zauna sa'an ƙanina yana ciyar da ni don kunya ba. Gwada ni, tela."

Na gwada shi. Na ce ya dawo mako mai zuwa. Da ya dawo na ce aiki ya yi mini yawa. Ya sake dawowa na ce keke ya lalace, alhali yana jin ƙararsa tun daga tasha. An san teloli da saɓa alkawari, amma ni a lokacin ba a san ni da shi ba, kuma shi ma ya sani. Wauta ce irin ta mai son abu, ina ganin kamar muddin wandon bai ɗinku ba, mutumin ba zai tafi ba.

Zuwansa na ƙarshe da safe ne, da jaka a kafaɗa. Bai tambaye ni ba. Ya miƙa hannu saman kanta ya ɗauko yadinsa, yana nan a ninke yadda ya kawo shi, ko alli ban sa masa ba. Ya kaɗe ƙurar, ya dube ni, ya yi murmushi.

"Na gane, tela. Na gode. A can ma akwai teloli."

Na bi shi har bakin mota da almakashi a hannu, ban ma san na ɗauko ba. Motar abokina ya shiga, gidan gaba, don ranar lodin Kano ya yi. Ban sake ganinsa ba.

Da direba ya dawo da yamma ya zauna a bencina. Can ya ce da suka fita gari ya laluba ya ɗauko tsohon kaset ɗinsu, na rumbu, zai sa masa don sallama. Sai mutumin ya riƙe masa hannu ya ce, "Bar shi, direba. Bari mu ji ƙarar mota." Har suka shiga Kano ba a kunna komai ba.