Kumbon da Gwaggo Ta Sa wa Ɗumi

Kafin a buɗe ƙofar gidan nune-nunen kimiyya ga 'yan kallo, Gwaggo Mai Kumbo ta riga ta iso, ta rataye jakarta a ƙusa, ta kuma riga ta yi wa wani faɗa. Yawanci mai shara ne ke shan na farko, domin shi ke wucewa da tsintsiya kusa da teburan nuni. Daga nan sai ta ɗauki wani burushi mai laushi, irin wanda mata ke shafa hoda da shi, ta bi ƙananan jiragen sama jannatin da ke jere a zauren ɗaya bayan ɗaya tana kaɗe musu ƙura. Tana gamawa ta kunna fitilunsu, ta ja da baya, ta karkace kai tana kallo. In duk sun kama, ta ce wa mai shara ina kwana. In ɗaya ya ƙi kamawa, to ranar kowa ya kama kansa.

Fiye da shekara talatin ke nan tana wannan. Ni da ke rubuta 'yan bayanan da ake liƙawa a gefen kayan nuni na tarar da ita a gidan, kuma ga shi ta yi ritaya ta bar ni. Dubban yara sun tsaya baki buɗe a gaban kumbunan nan, wasunsu yanzu sun dawo da nasu 'ya'yan, amma da wuya ka sami wanda ya san cewa wata mata mai tabarau a ƙarshen hanci ce ta ƙera su a wani ɗaki can baya, kusa da inda ake ajiye bokitai. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya shiga ɗakin nan zai ɗauka juji ne aka yi wa rufi. Murafen kwalabe, bututun biro, haƙoran mataji, cikin tsohuwar rediyo, guntun bututun ruwa, kowanne da gwangwaninsa. Mu shara muke gani, ita kuwa tana ganin tankin mai da eriya da ƙofar 'yan sama jannati. Ka ajiye murfin man shafawarka a kan tebur ka juya baya, sai dai ka gan shi bayan wata biyu a jikin kumbo, an yi masa fenti, ya zama abin da ake ɗauka hoto. Har yau ina bin ta murfin kwalbar shayina, ko da yake na yarda ya fi kyau a inda yake.

Amma gwanintarta ta ainihi a haske take. Kafin ta haɗa ɓarin jirgi da ɓari, sai ta shafe cikinsa da baƙin fenti, ya bushe, ta bi shi da fari. Baƙin yana hana haske ɓullowa ta jikin roba, farin yana watsa shi ko'ina a ciki. Tagogin kuwa da wata 'yar allura take huda su, ta zura wa kowace siririn zaren roba mai ɗaukar haske, ta tattara zaren duka ta kai bakin ƙwan fitila guda. Sannan ta rungumi jirgin ta shige cikin kabad ɗin tsintsiya, ta ja ƙofa, don ta ga ko akwai inda haske ke yoyo. Sabon ma'aikaci ya taɓa buɗe kabad ɗin ya tarar da mutum tsugune da wani abu mai walƙiya a cinya. Ihun da ya yi har masu sayar da tikiti suka ji.

Ba ta yarda haske ya yi yawa. "In ya cika ƙarfi, abin wasan yara ne," haka take cewa. "Jirgin da ke nesa fitilarsa ba ta kashe ido." Ba ta kuma barin jirgi fes kamar sabon kwano. Sai ta goga masa garin gawayi a bakin injin, ta ɗan kankare fenti a gefuna, har ka rantse ya je wata ya dawo.

Gwaggo, ke ce mai muryar da ke tsayar da ɗan yatsa a iska. "Ba a taɓawa!" Yara sun sha ta, iyayensu sun sha ta, har wani babban baƙo da aka zagaya da shi ya sha ta, ya mayar da hannunsa aljihu kamar ɗan firamare. Mun yi ta gulmarki a kan haka, ba zan ɓoye ba. Sai dai mun san eriyar da yatsa ɗaya zai karya cikin ƙiftawar ido ke kika san zaman da kika yi a kanta.

Babban aikinta shi ne jirgin da muke kira Uwar Jirage. Tsawonsa ya kai ƙofar ɗaki in an kwantar da ita, tagoginsa ba sa ƙirguwa, ga manyan injuna uku a baya masu haske shuɗi. Shekaru ta kwashe a kansa, kuma rabin aikin a gida aka yi shi, a kan teburin yankan mijinta, wanda kowa ke kira Baba Tela. Shi ke riƙe mata waya in tana liƙa dalma, shi ke zura zaren da ya gagare ta, yana yi yana tsokanarta. Bai taɓa kiranta da komai ba sai Injiniya.

Jirgin bai kai rabi ba ciwon suga ya fara cin idanun Baba Tela. Da farko zaren allura ya gagare shi, daga baya fuskokin mutane, a ƙarshe har hasken taga. Ranar da aka kunna Uwar Jirage a zaure, kowa na tafi, shi yana gida zaune kusa da keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane. Autarsu ta gaya mini cewa da Gwaggo ta dawo ya tambaye ta, "Injiniya, ya kama?" Ta ce ya kama. Ya ce, "Yaya yake?" Ta yi ta kwatance, shuɗi kaza, tagogi kaza, yana gyaɗa kai don ya faranta mata. Da ta gama ya ce, "Madalla." Ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Abin ya zauna mata a rai, amma ta haɗiye, shekaru suka wuce. Sai da ritayarta ta matso aka yanke shawarar cewa tana tafiya za a ɗaga Uwar Jirage a rataye ta can a rufin zaure da igiyoyin ƙarfe, tunda babu mai tsaron ta kuma. Shawara ce mai kyau. Amma da zarar jirgin ya hau sama, hannu ba zai sake kai masa ba, kuma Baba Tela ba shi da abin kallo sai hannu.

Ta sami shugaban gidan a ofishinsa. Mutum ne mai sauƙin kai, ɗan cikinta ne a shekaru, kuma shi ma tsoronta yake ji kamar kowa.

"Ranka ya daɗe, zan farke bayan Uwar Jirage."

"Ki farke? Gwaggo, wani abu ne ya lalace?"

"Lafiyarta ƙalau. Fitilun ne ba su da ɗumi."

Ta yi masa bayani. Ƙananan fitilun zamani da ke ciki suna haske amma sanyi ƙalau suke, ko ka dafa ba za ka san a kunne suke ba. Tana so ta cire na injunan ta sa irin tsofaffin ƙwayayen nan masu zafi, don mai dafawa ya ji wutar a tafin hannunsa.

Shugaba ya ce, "Gwaggo, jikin nan roba ne. In ya narke fa?"

"In ya narke ya narke."

"Za ki iya ƙera wani?"

Ta ɗago hannayenta ta nuna masa. Suna rawa, rawar da ta daɗe tana ɓoye mana. Ta ce, "Ba zan iya ba. Amma mutumin da ya riƙe mini wayar jirgin nan bai taɓa sanin ya kama ba, sai dai a bakina."

Shugaba ya ce ta je ta yi, in an tambaya shi ya ba da izini.

Mai shara ne ya riƙe mata jirgin ranar da ta sa masa zarto, kuma ya ce shi ya rufe ido, ita ko gezau. Amma wahalar tana gaba. Gwajin farko da ta yi da ƙwan fitila mai zafi a kan guntun roba, kafin ta juya ya lanƙwashe ya zube kamar kyandir. Na shiga ɗakin na tarar da warin ƙonanniyar roba, tana zaune ta zuba wa abin ido. Washegari ta zo da gwangwanayen madara, ta yanka, ta naɗe su ta yi wa cikin kowane inji riga, ta huda ƙananan ramuka a ƙasa don iska ta wuce, ta rage ƙarfin wutar. Ta kunna, ta kara a kuncinta, ta kashe, ta sake ragewa, kamar mai gwada ruwan wankan jariri. Tagogin kuma ta bi su da tsinke tana ɗiga wa kowace ɗigon gam mai haske, don su ɗan taso yatsa ya same su. Eriyoyin roba ta sauya su da waya mai ƙwari. Da ta gama ta mayar da bayan jirgin, ta cike tsagar, ta goge da samfefa, ta yi fenti. Na kawo ido kusa na duba, wallahi ban ga inda aka yanka ba. Duk wannan ba ta gaya wa Baba Tela komai ba.

Ranar sallamarta, da hantsi, aka taru a zaure. Aka yi jawabai, aka ba ta kyauta a kwali, tana ta duban ƙofa. Can sai ga auta riƙe da hannun mahaifinta, ya sha farar riga wadda da gani ɗinkin hannunsa ne na da. Gwaggo ta bar shugaba tsaye da abin magana a hannu ta je ta tarye shi.

"Malam, zo nan."

"Ina za ki kai ni, Injiniya? Na ji ana jawabi."

"Jawabin zai jira. Miƙo hannunka."

Ta kama hannayensa biyu ta ɗora a kan Uwar Jirage. Mu da muka san ta muka dubi juna. Ya janye da sauri, ya ce, "A'a, ni ba na son faɗa a gaban mutane." Aka kwashe da dariya. Ta mayar da hannun ta danne da nata.

Ya fara daga hancin jirgin yana bi a hankali. Ya sami tagogin, yana shafa su da ɗan yatsa. Ya tsaya a wani wuri ya yi murmushi. "Wannan ai murfin kwalbar man kekena ne. Ashe nan ya zo." Ya ci gaba har ya kusa baya, sai yatsunsa suka tsaya. Ya koma, ya sake bi, ya zagaye jirgin da su ta wurin nan da idanunmu duka suka kasa gani. Mutumin da ya shekara arba'in yana bin ɗinki da yatsa ba a ɓoye masa faci.

"Wa ya farke miki shi a nan?"

"Ni ce."

"Ke? Da hannunki? Me ya yi zafi haka?"

Ta ja tafin hannunsa ta kife a bakin injin tsakiya, ta yi wa mai shara alama da kai, ya danna makunni. Shuɗin haske ya cika tsakanin yatsun tsohon. Shi dai yana tsaye yana jira, bai san abin da ake jira ba. Sai muka ga fuskarsa ta sauya. Ya kai ɗaya hannun ya lalubi injin hagu, sannan na dama, ya dawo tsakiya. Gwaggo ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi, gogewar da ba ta ƙarewa.

Shugaba ya matso a hankali ya ce ko a ci gaba da taro. Baba Tela bai ɗaga hannunsa ba. Ya ce, "Ɗana, kada ku kashe tukuna."

Ba a kashe ba. Ba a kuma rataye jirgin ba, domin tun a wurin shugaba ya ce a mayar da igiyoyin sito. Uwar Jirage tana nan a kan teburi daidai ƙugu, kuma yanzu ɗaliban makarantar makafi suna zuwa su yi layi a bayanta.

Gwaggo, mun gode. Ke ce kika ƙera mana sama da murafen kwalabe, kika koya wa yaran da ba su taɓa hawa jirgi ba ɗaga kai. Ke ce kuma kika sa wa aikin da kika fi so zarto, da hannu mai rawa, alhali kin san ba za ki iya yin wani ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa Baba Tela lafiya, ya bar ku tare.

Mu kuma da muka rage, masu ƙira da masu ɗinki da masu rubutu irina, kowa ya waiwaya ya duba. Wataƙila akwai wanda ya riƙe maka waya tun farko, aikin ya kammala ana ta yabonka, shi kuwa har yau labari kawai yake ji. Ka tashi ka kama hannunsa ka kai shi wurin tun yana da rai.