Rasuwar da Aka Ɓoye wa Inna

Ni mace ce mai yawan waswasi. Ko ɗigon miya ne ya taɓa zanen sallata, sai na aika an tambayo Malam, dattijon da ke karantarwa a unguwarmu a Gwandu. Abin da ya faɗa shi nake bi, don tsoron kada in jawo wa kaina zunubi.

Daminar da Kawu, ƙanen Inna, ya rasu a Diggi, Inna tana kwance a Kalgo, hawan jini ya shanye mata ɓari guda. Yayanmu ya tara mu ya ce kada kowa ya gaya mata. Na koma Gwandu, maigidana ya raka ni wurin Malam. Ina bayan asabari ya ce idan ana tsoron labari ya ƙara wa majinyaci ciwo, ɓoye shi ba laifi ba ne. Hankalina ya kwanta, na koma jinya.

Kwanciyar hankalin ba ta daɗe ba. Duk ranar kasuwa sai Inna ta sa in ɗaura mata kallabi, in jingina ta tana fuskantar ƙofa, don ranar ce Kawu ya saba zuwa gaishe ta.

"Wanga yaro ya yashe ni," in ji ta. "Aikin fadama ya fi 'yar'uwa, ko?"

Yaron nan kuwa har gemunsa furfura ne. Na ga ta fara ƙullatar mamaci, alhali addu'arta yake buƙata. Malam bai yi kuskure ba. Sai dai ni ke yi mata wanka, ni ke jin wannan magana, kuma ba ta cikin tambayar da na kai masa.

Na sami Yaya yana gyaran kekensa.

"Yaya, zan gaya mata."

"Ke? Yau kuma ke ce mai ba da fatawa?"

"In wani abu ya same ta, a kaina."

"A kanki hwa!"

Na shiga ɗakin Inna. Na riƙe hannunta mai lafiya, na faɗa mata.

Ta yi salati, hawaye na bin kuncinta.

"Kuka bar ni ina zagin shi?"

"Ki gafarce mu, Inna."

"Kawo buta ki kama mini alwala. Ki ce wa yayanki shi nemo mota. Ko a kwance ne, sai na ga ɗiyan ƙanena."