Ranar da na daina danna wa Inna hon

Shekarun baya, bayan na watsar da boko a aji biyu na sakandare, na faɗa sana'ar kabu-kabu tsakanin Kaoje da bakin iyakar Benin. Mahaifiyata ba ta so ba. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗi guda: duk yammar da na dawo, in na kawo gindin kukar bakin gari, in danna hon biyu gajeru, ɗaya dogo. Ta ce in ta ji wannan, in tafi yawona duk inda na ga dama, ita dai ta san na shigo lafiya.

Wata rana da damina na ɗauko wani malamin asibiti. Ni kuwa lokacin ko kaza na gani sai na danna mata hon. Da ya gaji, ya taɓa kafaɗata ya ce ko na san sunan abin nan da Turanci. Ya ce honk, kuma haka suke kiran kukan dinya, tsuntsuwar nan mai kama da agwagwa. Wai a ƙasar Turawa ba a yi sai in haɗari ya taso, wanda ke yi barkatai ɗan ƙauye ake ɗaukarsa.

Maganar ta shige ni. Ni da nake ganin duk Kaoje babu wayayye kamata, ashe dinya ce ni. Da yamma na wuce kukar nan shiru kamar ɓarawo, na zarce wurin mai shayi, na zauna ina koya wa abokaina honk, har da gyara masu baki.

Ana shirin kiran magariba abokina ya zungure ni. Na waiga, sai ga Inna tsaye, zanenta duk taɓo, tana dafe da gwiwar da ke damunta. Ashe labari ya iso gida cewa ruwa ya cinye hanya, ita kuwa tun la'asar take kasa kunne. Ba ta yi faɗa ba. Hannu ta miƙo, na sa mata makullin mashin, ta juya.

A gida na durƙusa na kwashe bayanin malamin na faɗa mata, har da dinyar. Ta saurara har na gama.

“To ita dinyar, in ta yi kuka, ba 'yan uwanta take gaya wa tana nan ba?” in ji ta. “Shi malamin naka, uwarsa ce ke jiran ka ko ni?”

Makullin ya kwana biyu a ƙullin zanenta kafin ya dawo hannuna.

Malamin bai yi ƙarya ba, kuma tun ranar na bar kaji sun huta. Amma hon ɗin gindin kuka ban sake tsallake shi ba. Yanzu kunnen Inna ya yi nauyi, ba na jin tana jin sa. Maƙwabta ne ke leƙawa ta katanga su ce mata, “Inna, dinyarki ta dawo.”