Jan Ƙwan Fitila a Kan Firij

Shekarunta hamsin da biyu, 'ya'ya uku, jika ɗaya. Abokan sana'arta, masu rubuta manhaja, Inna suke ce mata. Ita ta rubuta manhajar da wani ƙaramin asibitin wankin ƙoda ke tuna wa marasa lafiya ranar zuwansu da ita. Saƙonnin kuwa ta na'urorin wani katafaren kamfani suke bi.

Kamfanin yana da shafin da ke nuna lafiyar aikinsa. Wata safiya saƙonni suka tsaya cak, shafin yana nan kore shar, alamar komai lafiya. Wani dattijo ya manta ranarsa, sai kawo shi aka yi ƙafafu a kumbure. Shugaban asibitin ya kira ta.

"Inna, kamfani ya ce lafiya lau, ke nan daga wajenki ne. In aka sake, sai dai mu nemi wani."

Ta kai wa kamfanin kuka. Amsa ta zo nan take, irin ta inji: mun gode, ki kashe ki kunna.

Ba ta yi hayaniya ba. Ta karɓe tsohuwar wayar maigidanta, ta jona ta da jan ƙwan fitila, ta ɗora a kan firij. Manhajar na aika wa wayar saƙon gwaji a kai a kai. In bai iso ba, ƙwan ya kama.

"Yanzu ni da wayata mun zama ma'aikatan asibiti?" in ji maigidan.

"Malam, wayar aka ɗauka. Kai ba ka ci jarrabawa ba."

Ranar da ƙwan ya kama, tana tsakar yanka albasa. Ta wanke hannu, ta kira ma'aikaciyar jinyar asibitin, ta ce a buga wa masu zuwa gobe waya ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya rasa wankinsa. Sannan ta ɗauki hoton jan ƙwan gefe da koren shafin, ta saka a dandalin masu sana'ar. Ashe kowa ya sha irin wannan, shiru kawai ake yi. Kafin yamma wani injiniyan kamfanin, mutum mai jini a jika, ya amsa cewa laifin nasu ne, shafin ba ya ganin irin wannan matsalar. Ta tura wa shugaban asibitin amsar. Aikin ya zauna a hannunta.

Kamfanin ya ce ya gyara shafin, Inna ta yi musu godiya. Amma jiya ta sayo sabon ƙwan fitila, domin tsohon ya fara lumshewa.