Dabbobin Katako na Bukar Kafinta

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar bazara, shekarar da naira ta shigo, ruwan sama kuma ya ƙi zuwa. Ina tsugune a bakin rumfar Bukar kafinta riƙe da igiyar akuyar Inna Delu, maƙwabciyarmu, shi kuma yana kallon akuyar yana zana ta da gawayi a jikin katakon akwatin shayi. Da ya gama sai ya hau kekensa. Tsohon keken ɗinki ne ya cire wa allura ya ɗaura siririn zarto, bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Yana takawa zarton na hawa da sauka, yana wani kuka kamar sauro a kunne, har akuyar katako ta fito, sannan ya bi ta ya yayyanka, kai daban, wuya daban, ƙafafu daban. Hedimasta ne ya sa shi aikin, don 'yan aji ɗaya su riƙa haɗawa. Amma Bukar ba ya barin dabba a haɗe a rumfarsa, cikin ƙwarya yake watsa su. "Ba zan iya hura mata rai gobe kiyama ba," in ji shi, "gara ta zauna a warwatse."

Ni a lokacin ina aji uku, wanda daga shi ni da boko muka yi sallama ba tare da kowa ya yi kewar wani ba. Bukar ya miƙo min ƙwaryar ya ce in haɗa. Na yi ta juyi, zufa na ɗiga, daga ƙarshe na dasa ƙafar baya a gurbin wuya. Dattawan da ke kan benci suka bushe da dariya. Bukar ya ce, "Ɗan Audu, miƙa wa akuyar ta gwada, ƙila ta riga ka." Kafin la'asar maganar ta zaga gari. Da safe a bakin rijiya, don in rama, na rage murya na ce wa yara duk dabbar da Bukar ya yanka a katako ba ta sake ganin damina. Wallahi a nan take na ƙirƙiro ta, ina jan guga.

To shekarar ba ta wasa ba ce. Hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi. Harawa ta ƙare, karan da aka jingine a gawo ya ƙare, har danga awaki suke ci. An fita roƙon ruwa an dawo da rana a ka. Ungulaye suka tare a kan kukar bayan gari, ba sa ma tashi in ka jefe su. Bayan kwana tara akuyar Inna Delu ta kwanta ba ta sake tashi ba. Sai jakin mai unguwa, wanda shi ma an zana. Dabbobin da ba a zana ba suna ta mutuwa ta ko'ina, amma su babu mai ƙirga su. Maganata ta bar bakin yara ta shiga bakin mata wajen surfe, ta fito da ƙahoni. Aka tuna cewa kakan Bukar daga Barno ya zo, abin da aka manta tun kafin a haife ni. Ni kaina, mai ƙaryar, in na ji kukan zarton daga nesa sai tsigar jikina ta tashi.

Sai aka gaya wa babanmu an ga Bukar tsaye a bakin turkenmu da gawayi. Sa ɗaya gare mu, shi ke jan garma, shi ne abincin gidanmu. Baba ya ɗauki mai unguwa suka nufi rumfar, jama'a na biye, ni ma ina ciki. Muka tarar da san katako a kan keke, an fitar da surarsa, saura yayyankawa.

"Malam Bukar, ba zarginka na zo yi ba," in ji Baba, "amma shi kaɗai gare ni."

"Audu, tabarma ɗaya muka zauna a makarantar allo. Wa ya fara faɗar wannan magana? A nuna min shi kawai."

Bukar ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina, ya tsaya. Bakin nan nawa da ba ya rufuwa ko a sahun salla, ranar ya ƙi buɗuwa. Tsoron bulalar Baba ya fi min tsoron Allah. Bukar ya kwance zarton da hannunsa, ya juye ƙwaryar dabbobin a murhun mai ƙosai. Ranar kasuwa ya ɗora keken a amalanke, da matarsa da tabarminsu, suka yi Ɗambatta.

Sanmu bai mutu ba. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma ya ga damina. Wannan shi ya tabbatar wa kowa cewa an tare abin a kan gaɓa, har Baba ya yi sadakar gumba don godiya, ni ma na ci.

Yanzu wurin rumfar shagon cajin waya ne, jikokina kuwa a waya suke haɗa dabbobinsu da ɗan yatsa, babu ƙamshin katako, babu mai yi musu dariya. Da na girma na soma zuwa Ɗambatta sayen tumaki, shekara da shekaru ina zagaye layin kafintoci don kada mu haɗu. Ranar da na yi ƙarfin halin shiga na tambaya, aka ce ya rasu tun bara waccan. Mutanen garinmu har yau da sunan mai ban dariya suka san ni. Wanda ya kamata ya ji gaskiyar, shi ne bai jira ni ba.