Fankar Ɗakin Malam

Kafin Malam, maigidana, ya kwanta ciwon ajali, ɗanmu na biyu wanda ya karanta aikin gini a jami'a ya rushe mana gefen gidanmu na nan Tudun Wada ya sake ginawa. Ba a aza bulo ko ɗaya ba sai da ya fara gina gidan a cikin kwamfuta. Ya zaunar da mu a tsakar gida ya nuna mana. Ni ban iya karatu ba, amma na ga ɗakuna, na ga iska an zana ta da shuɗi tana shiga ta wannan taga tana fita ta waccan. Har da mutane a ciki, tsoho da tsohuwa. Ya ce wai mu ne, kuma da zamansu aka auna girman solar da za a ɗora a rufi.

Malam ya leƙa ya ce, "Wannan tsohon ya fi ni ƙiba. Da alama tasa matar ta iya tuwo."

Ita kuwa tsohuwar da ke cikin kwamfutar, baiwar Allah ce ta gaske. Tana buɗe taga idan an ce ta buɗe. Da hantsi ta fita suna ko asibiti, fanka ta huta. Ba ta da dangi, ba ta da maƙwabta, kuma nata mijin ba ya mutuwa.

Nawa ya rasu ana tsakiyar bazara. Allah ya jiƙansa.

Na shiga takaba, babu fita. Manyan tagogin nan da aka yi wa iska hanya, titi suke kallo, daidai inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja. Mace mai takaba ta wangale taga maza na kallonta tana kuka? Na rufe su, na saki labule. Gida ya zama tanda. 'Yan gaisuwa suka yi ta zuwa daga Gyallesu da Kwangila, kowace ta yi min ta'aziyya da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben inda za ta jona wayarta. Kowa na son ruwan sanyi. Kafin magariba batir ya mutu, abin da aka sa a firji ya fara tsami.

Shi injiniyan yana Kaduna, amma komai muka kunna yana gani a wayarsa. Sai ya kira.

"Inna, me kuka kunna?"

"Mun kunna zaman makoki."

"Inna, don Allah ku riƙa buɗe tagogin nan. Ba haka aka tsara gidan ba."

"To, ka yi haƙuri, injiniya. Laifin ubanka ne da ya mutu bai nemi izinin kwamfuta ba."

Na san na soke shi, shi ma ubansa ne, amma bakina ya riga ni.

Na fita takaba, baƙi suka ɗauke ƙafa, na buɗe taga ɗaya. Duk da haka batirin bai daina mutuwa ba. Injiniyan ya bi lissafinsa ya gano inda wutar ke tafiya: ɗakin Malam. Ɗaki babu kowa, fanka na juyawa safe da yamma.

Tsohuwar fanka ce mai ƙara, da ita muka taso daga tsohon ɗaki. A jinyarsa ba ya jure zafi, kullum sai ya ce, "Hajiya, ƙara ta." Ranar da aka fita da shi ban kashe ta ba, washegari ma na kasa. Idan ina wanke-wanke na jiyo ƙararta, sai in ji kamar yana kwance a ciki, yanzu zai yi tari ya nemi ruwa. Ran da batir ya mutu ta tsaya, gidan sai ya yi min faɗi.

Wata Asabar injiniyan ya iso da mai gyaran wuta. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya yi bayani a hankali. Solar ba za ta ɗauki fanka biyu da firji ba, kuma maganin sukarina a firjin yake. Dole a yanke layin ɗaki ɗaya. Gaskiyarsa ce, ban musa ba.

Na ce, "To, a yanke na ɗakina."

"Inna, ɗakin Baba yamma yake kallo. Ya fi kowane ɗaki zafi a gidan nan."

"Ikon Allah. Kai ka zaɓa masa shi, ko ni?"

Mai gyaran wuta ya sunkuyar da kai yana ta gyaran jakarsa. Ɗana ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin Malam. Daga nan ya miƙe, ya shiga ɗakina ya ciccibo katifata da kansa, idonsa jawur, ya kai min can.

A nan nake kwana yanzu. Da la'asar bangon yakan ɗau zafi har ba na iya jingina, ƙuraje sun feso min a wuya, maƙwabciyata ta ce da gangan nake gasa kaina. Fankar ma iskarta ba ta kai ta kawo ba, ƙara ce kawai. Mai gyaran ya ce zai sa mata mai ta yi shiru, na ce kada ya kuskura ya taɓa min ita.