Kura da Suyar Kububuwa

A shekarun da haƙar zinariya ta kankama a ƙasarmu ina ɗan shekara tara, muna zaune a wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu. Bayan gari duk tarin duwatsu ne da mahaƙa suka fasa suka bari, mu kuwa yara ba inda muke son wasa kamar can. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Kakata Hajjo, mahaifiyar Baba, ba ta taɓa cewa kada mu je ba. Ita dai da an sallame magariba sai ta hura wuta ta aza kaskon gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta.

"Matso nan, angona mai busassun ƙafafu," ta ce da ni wata rana. "Yau tatsuniyar 'yar gajera za ni ba ku, mai ɗaki ƙarƙashin dutse."

Wai kububuwa, ƙaramar macijiyar nan mai launin tsakuwa, ta rasa maƙwabta. Ba mai ganinta sai ya taka ta, ita kuma da an taka ta sai sara. Kaɗaici ya dame ta, ta tafi wurin kurciya koyon waƙa don a riƙa jin tana nan, murya ta ƙi fita. A hanyar komowa ta iske wata tsohuwa tana suya, mai yana ƙara a kasko. Ta roƙi a ba ta wannan ƙarar. Tsohuwa ta ce ta naɗe jikinta ta goga.

Nan Hajjo ta tsoma yatsu cikin ruwa ta yarfa wa kasko. Caaa! Muka zabura har ƙanwata ta zubar da gyaɗarta.

Tun daga ranar, duk dabbar da ta ji caaa a cikin duwatsu sai ta ja da baya. Ban da kura. Ita da ta ji, sai yawu ya tsinke mata.

"Wa ka suya nan bai kira ni ba?" Hajjo ta faɗa da muryar kura.

Kububuwa ta ce ba suya ba ce, gargaɗi ne. Kura ta ce haka duk marowata ke cewa. Baki bai shiga ramin ba, sai ta juya ta zura ƙafar baya don ta jawo nama, kububuwa ta sare ta. Hajjo ta miƙe, da tsufanta, ta zagaya wuta tana ɗingishi tana kuka irin na kura, muna birgima don dariya. Kashegari muka koya wa yaran unguwa, kowa ya zura hannu a rami sai a yi masa kukan kura, har abin ya zama abin kunya.

Bayan rasuwarta, ina sakandare a Gummi, na zo hutu na tuna wa Baba tatsuniyar ina dariya. Sai ya ce, "Ka san ina da wa, wanda nika bi ma? Sani sunanshi. Shekararshi bakwai, yas sa hannu ƙarƙashin dutse neman ƙadangare, kububuwa tas sare shi. Kwana uku yay yi bisa cinyar Hajjo, yar rasu."

Na daɗe ina juya maganar. Da ta ba mu labarin Sani da hawaye, da mun ji tsoro na kwana biyu mun manta. Ta san yaro ba ya riƙe faɗa, amma abin dariya sai ya kai wa abokinsa. Mu goma sha ɗaya muka girma a gindin duwatsun nan, ba ko ɗaya da maciji ya taɓa.